Kafin Ka Kawo Boerboel Gidanka

Matsalar tsaro ta sa magidanta da dama a Legas, Ibadan da Abuja sun koma ajiye manyan karnukan gadi, kuma Boerboel na cikin waɗanda ake yayi. Asalinsa Afirka ta Kudu ne, inda manoma suka daɗe suna kiwonsa don tsaron gona da iyali. Namijin da ya ƙosa yakan haura kilo 60, ga faɗin ƙirji ga ƙaton kai, kuma yakan rayu shekara 9 zuwa 11.

Yana shaƙuwa da mutanen gida, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Don haka horo tun yana ɗan kwikwiyo ake fara shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da aka ɗaure da sarƙa dare da rana, ba yawo ba inuwa, shi ne yakan zama haɗari. Kada ka taɓa barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi, komai sabonsu.

Yana cika wata 3 a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana sarrafa wannan allura. Maganin tsutsar ciki da na kaska kuwa, likitan dabbobi ne zai tsara su bisa nauyinsa. A raba masa abinci sau biyu a rana, domin cin tuli lokaci guda kan jawo wa manyan karnuka kumburi da murɗewar ciki, wanda ke kisa cikin sa'o'i.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ina roƙonka kada ka ba shi maganin mutane. Ibuprofen na haddasa masa gyambon ciki da lalacewar ƙoda, farasitamol kuma kan taɓa hanta. Albasa, tafarnuwa, inabi da cakulan duk guba ne gare shi. Kada kuma a fesa masa maganin ƙwarin gona da sunan kashe kaska.

Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar. Ciwon haukan kare idan ya nuna alama, da wuya a tsira.