Wai Mota Ba Harkar Mata Ba Ce?

'Yan uwana mata, yau da ɓacin rai na ɗauki biro. Maganar injin mota zan yi, kuma na san wata za ta ce, "Mu ina ruwanmu da inji?" Haka ni ma na ce, sai da kuɗin adashina suka shige cikinsa.

Maigidana yana da 'yar Honda Civic ɗinsa, tsohuwa amma lafiyayya. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai ni awo. Kwatsam abokai suka hure masa kunne, wai akwai wani inji da aka shigo da shi daga Japan, in an ɗora mata shi ko iska ba ta kamo ta. Ya ce in ranta masa kuɗin da na kwasa, zai biya ƙarshen wata. Da na tambaye shi me ya samu na cikinta, sai ya ce, "Ke dai ba harkarku ba ce."

To, na je na tambayi ƙanena bakanike, ga abin da na koyo. Inji mai silinda huɗu, a kowace silinda fistin yana matse iska da fetur kafin filogi ya kunna musu wuta. Motar gida takan matse su kamar sau 9. Shi kuwa wanda aka ɗora mana, irin na Integra Type R ne da Honda ta fitar a 1995, yana matsewa sau 11, ƙarfinsa ya kusa doki 200, wato kusan ninki biyu na wanda aka cire. Inji ne mai kyau, ban kushe shi ba. Amma don gudu aka ƙera shi, kuma fetur mai daraja yake so, wanda ke jure matsi. Mu kuwa a gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa. In man bai jure ba, sai ya kama da wuta da kansa ba lokacinsa ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana zafi, a hankali fistin ya lalace.

Sannan ga babbar maganar: burki. An ninka wa mota ƙarfi, an bar mata tsohon burki da tsofaffin tayoyi da shoka. Wannan ai ɗaura wa jaki ƙafar doki ne. A Japan da Amurka masu wannan sha'awa suna da filayen tsere, irin su Suzuka, kuma masu hankalinsu sukan canza burki tare da inji. Mu fa? Titinmu ga ramuka, ga 'yan adaidaita, ga almajirai, ga yara masu talla. A nan za a gwada gudu?

Maza sukan ce, "Motata ce, kuɗina ne." Haba Malam! Wa ke zama a kujerar baya? 'Ya'yanmu. In inji ya buga, kuɗin cefanen wa ake ragewa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace uwargida ta san yadda tukunya ta koma, amma a hakan ake sayen inji mai zuƙar mai don a burge 'yan majalisa da ƙara.

Namu bai cika wata biyar ba ya buga. Motar na nan ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta, ni da yara muna hawan adaidaita, adashina kuwa shiru kake ji.

Don haka 'yar uwa, in maigida ya zo da zancen canjin inji, ki tambaye shi cikin ladabi: na cikinta ya lalace ne? Wane mai sabon ke sha? An canza burki? In ya amsa, madalla. In ya ce ba harkarki ba ce, to ki ƙulle bakin zaninki, don kuɗinki ma ba harkar motarsa ba ne.