Akwatin kifi na gilashi: ka huda shi ka huta, ka rabu da bututun zuƙo

Yau na ajiye maganar waya gefe. Wasu 'yan uwa daga Shinkafi da Zurmi sun ga akwatin kifin da ke shagona a Kaura Namoda, suna ta tambaya yadda na haɗa masa bututu. Zan faɗa, amma da ra'ayina a ciki: salon da ake gani a YouTube, na bututun da ke zuƙo ruwa ta saman gilashi, bai dace da garin da ake ɗauke wuta kullum ba.

Ga yadda tsarin yake ga wanda bai sani ba. Akwatin kifi yana sama, ƙaramin tanki na tace ruwa yana ƙasa cikin kanta. Ruwa na saukowa ƙasa ya bi ta soso da tsakuwa, ƙaramin injin turo ruwa ya mayar da shi sama. Hanyar da ruwan ke bi ya sauko ita ake kira obafulo. Iri biyu ce. Ko dai ka lanƙwasa fayif ya haura bakin gilashi yana zuƙo ruwa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mashin, ko ka huda gilashin ruwa ya gangara da kansa.

Ni da na farkon na fara. A watan Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, aiki ya tsaya cak, sai zaman shago. Ina da bidiyoyin da na sauke tun da, sai na ce bari in rage zaman banza. Na haɗa akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 40, tsayi 45, na sa masa bututun zuƙo saboda ina tsoron huda gilashi. Ya yi watanni yana aiki lafiya, har ina yi wa mutane burga.

Wani dare aka ɗauke wuta, aka dawo da ita bayan na rufe shago. Ashe iska ta daɗe tana taruwa a lanƙwasar bututun, tsayawar da ruwa ya yi sai zuƙon ya yanke. Wuta na dawowa inji ya tashi, yana tura ruwan ƙasa zuwa sama, babu hanyar saukowa. Da safe na tarar da ruwa kwance kan tebur, wayoyin mutane uku a ciki. Biyu na ceto su. Ta ukun ta wata baiwar Allah ce, da hotunan aurenta a ciki, fanel ɗin ya ƙone. Na biya kuɗin waya, amma hotunan har yau in muka haɗu kunya nake ji.

Na san wani zai ce in an haɗa bututun zuƙo daidai, yana riƙe ruwansa ya ci gaba da kansa in wuta ta dawo. Gaskiya ne, na gani. Amma sharaɗin shi ne kada iska ta shiga, kuma ba wanda zai yi maka wannan alkawari. Wanda ya yi bidiyon a Amurka ko Jamus, wataƙila ya shekara injinsa bai tsaya ba. Mu a rana ɗaya sai ya tsaya sau uku. Ruwan da ke gangarowa ta rami kuwa babu ruwansa da iska.

To maganar huda. Abu na farko, ka tabbatar gilashin ba tamfad ba ne, wato irin wanda aka gasa don ya yi ƙarfi. Shi ba ya huduwa, kana sa masa baki zai wargaje ya zama tsaki. A nan sana'armu ta yi rana. Ka ɓare baƙar ledar nan da ke saman tsohon sikirin LCD, wadda muke kira folaraiza. Ka sa kwamfuta mai farin allo a bayan gilashin, ka leƙa ta cikin ledar kana juya ta a hankali. In ka ga zane-zane ko tabo-tabo sun bayyana, tamfad ne, ka bar shi. In allon ya yi duhu bai ɗaya, bismillah. Mafi sauƙi ma, tun wajen masu yanka gilashi ka ce na yau da kullum kake so, mai kaurin milimita 8 ga akwati irin nawa, ka huda kafin ka haɗa.

Bakin da ake hudawa da shi zagayayye ne mai garin daimon a gefe. Sauran kaya, fayif da gwiwa da gam, duk akwai su wajen masu kayan famfo a Kaura, amma bakin ni sai aike na yi Gusau. Ku rubuta komai ku yi aike ɗaya, kun san yadda hanya take. Kuma ka fara sayen soket ɗin da ake ɗaura wa tankin ruwa na roba, ka auna shi, sannan ka sayi baki. Na inci ɗaya yawanci ramin milimita 45 yake so. Ka bar tazara daga gefen gilashi, aƙalla faɗin ramin kansa. Ka kashe hama a jikin dirila, ka sa wani ya riƙa zuba ruwa, kada ka danna. Nauyin dirilar ya isa. Gaggawa a ƙarshe-ƙarshe ita ke fasa gilashi.

Ramuka biyu za ka yi, a nan ne mutane ke rowa. Ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana wanda bakinsa ya ɗan fi tsawo, yana zaune a bushe. Ranar da ganye ko mataccen kifi ya toshe na farko, shi zai karɓa. Sai ka kewaye su da ɗan akwati na gilashi daga ciki, bakinsa ya yi ƙasa da bakin babban akwatin da kamar santimita 3, ka sa raga don ƙananan kifi. Tsayin wannan ɗan akwatin shi ke yanke iyakar ruwan da zai sauko in inji ya tsaya. Silikon kuma ka nemi mai warin tsami wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, na banɗaki yana kashe kifi. Ka ba shi kwana biyu ya bushe. Robar soket ta zauna ta ɓangaren kansa mai faɗi, ka ɗaure da hannu. Wani dattijo mai aikin famfo ya gan ni da sifana ya ce, “Kai ɗana, aje wanga ƙarfe, gilas na ba tankin ruwa ba.”

Saura lissafin da ya fi komai, kuma ba ya wuce kalkuletar wayarka. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwan da zai sauko, ka raba da 1000. Nawa 90 sau 40 sau 2.5, ya ba da lita 9. Ke nan dole tankin ƙasa ya kasance da sararin lita 9 a kowane lokaci, da ƙarin na cikin bututu. Ni 15 nake bari. Bututun da ke mayar da ruwa sama shi ma yana juyewa ya zama mai zuƙo in wuta ta tafi, don haka ka yi masa ɗan rami na milimita 3 dab da saman ruwa, iska ta shiga ta yanke shi. Ka riƙa tsokace ramin da tsinke, gansakuka na toshe shi. Bawul mai hana ruwa komawa ban yarda da shi ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufuwa.

Da zafin Maris da Afrilu za ka ga ruwan ƙasa na raguwa, sai hannu ya yi ƙaiƙayin cikawa. Kada ka ƙara ruwa inji na aiki. Ka kashe, ka jira komai ya sauko, ka cika zuwa layin da ka zana da maka.

In gilashinka tamfad ne, ko akwatin ƙarami ne na kifi huɗu zuwa biyar, shawarata ka haƙura da tankin ƙasa gaba ɗaya, ka sa matacin soso a ciki. Ba abin kunya ba ne.

Wanda ya haɗa kuma, kafin ya zuba kifi ya cire filogi ya mayar sau goma yana tsaye a wurin, sannan ya toshe bututun farko da leda ya ga ko na biyun zai ɗauka. Mai tambaya ya turo hoton akwatinsa da awonsa, zan duba in na tashi daga shago in sha Allah. Wayoyin mutane dai yanzu a ɗaya bangon nake ajiye su.