Ranar da Kano Ta Amsa wa Ɗan Sama-Jannati

Ranar Talata ce, 20 ga Fabrairu 1962, ana tsakiyar azumin Ramadan, hunturu kuma bai gama tattara komatsansa ya bar Kano ba. Da wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma, Kasuwar Sabon Gari na ci, 'yan dako na kai-kawo tsakanin tashar jirgin ƙasa da rumfunan Ibo da Yarbawa da Hausawa, masu azumi na ta cefanen buɗa-baki, sai wani mutum ya ratsa ta saman garin. Nisansa daga ƙasa ya haura kilomita 160, gudunsa kuma ya kai kimanin kilomita 28,000 a awa guda. Sunansa John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, a cikin kumbon da aka sa wa suna Friendship 7. Ya leƙo ta 'yar tagarsa, ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Aka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana ta iska mai ƙarfi. Hazonmu ya gani, wanda ke fasa mana leɓe da kaushin ƙafa. Amsar kuwa daga Kano ta fito, domin a lokacin hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, tana da tasha a nan garin.

Akwai Kanawa da yawa, har da masu digiri, da in ka gaya musu wannan sai su ɗauka zolaya kake yi. Ni kaina na yi firamare da sakandare da gaba da nan ba tare da na ji malami ya ambata ba. Amma abu ne rubutacce. A watan Oktoba na 1960, Nijeriya ba ta cika wata guda da samun 'yancin kai ba, aka sa hannu a Legas kan yarjejeniyar kafa tashar. Dalilin kuwa shi ne, rediyon da ke cikin kumbo ba ya kai magana da kyau sai inda yake hange. Kumbon da ya tashi daga Fulorida zai tsallake Tekun Atlantika, ya bi ta tsibiran Kanari, ya keta Sahara, ya ratsa arewacin Nijeriya, ya nufi Zanzibar. Kowace tasha ba ta riƙe shi fiye da 'yan mintoci, sai ta miƙa wa ta gaba. Tashoshi 18 aka jera a faɗin duniya, har da jiragen ruwa, Kano ce ta biyar a jerin. Aikinta shi ne magana da ɗan sama-jannati da karɓar bayanan da na'urori ke aikowa: bugun zuciyarsa, numfashinsa, zafin cikin kumbo, sauran iskar shaƙa. Akwai mai magana da shi, akwai injiniya, akwai likita. Da zarar kumbo ya wuce sai a buga rahoto ta wayar tangaraho zuwa Amurka. Wannan zamanin Sarki Sanusi na ɗaya ne a Kano, Sardauna na Firimiya a Kaduna.

Bayan Glenn, wasu sun biyo, tashar kuma ta ci gaba da aiki har shirin Gemini, wanda a cikinsa aka koyi haɗa kumbo biyu a sama da fita waje cikin rigar musamman, wato darussan da in babu su babu zuwa wata. Neil Armstrong da kansa, a tafiyarsa ta farko cikin Gemini 8 a watan Maris na 1966, muryarsa ta bi ta Kano. Da shirin ya ƙare a wannan shekarar sai aka rufe tashar.

In ka tuna abin da 1966 take a tarihinmu, ba za ka yi mamakin yadda labarin ya ɓace ba. A Janairunta aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Kafin ta ƙare, Sabon Gari ya ga zubar da jinin da ya sa dubban mazaunansa suka ɗaure kaya suka bar rumfunansu. Shekara na zagayowa aka shiga yaƙin basasa. Wa ke da natsuwar tuna wata tashar kumbo? Ranar da Armstrong ya taka wata, 21 ga Yuli 1969 a agogonmu, wajen ƙarfe huɗu saura na asuba, kunnuwan mutanen ƙasar nan suna kan labarin bakin daga. Labarin wata ya zo mana a matsayin abin da Turawa suka ce sun yi a can nesa, babu mu a ciki. Abin da kuwa mutum ba ya jin da hannunsa a ciki, ƙaryata shi ba ya yi masa wuya.

Har yau ana ƙaryatawar. A layin masu kayan lantarki na kasuwar, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, akwai rumfar wani dattijo da nakan zauna in na je sayayya. Farantan setilayit jingine a bakin ƙofa, dikoda jere a kan kanta, wayoyi a naɗe rataye da ƙusa. Yaronsa, wanda ke fita ɗaura faranti a gidaje, ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa. Zai gaya maka inda ake juya faranti in Nilesat ake so, da inda ake juya shi in Arabsat ne, da yadda ɗan kuskure kamar faɗin yatsa ke ɓatar da sigina. Wata rana yana kallon hoton wata a wayarsa, sai maigidan ya ce, "Kai dai ba ka gajiya da ƙaryar Turawan nan. Wata da ke sama, wa ya isa ya taka shi?" Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, ai abin da muke saita faranti gare shi ma yana sama, kilomita dubu talatin da shida, kuma mutum ne ya kai shi." Dattijon ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Wannan ina ganin aikinsa a talabijin. Wancan fa, wa ya gani?"

Ban ga laifin tambayar ba. Mu mutane ne da ba ma ɗaukar azumi ko ajiye shi sai an samu wanda ya ga jinjirin wata, an tantance shi, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Neman shaida a kan al'amarin wata gadonmu ne. Abin da ke damuna shi ne mu yi tambayar, sannan mu juya baya kafin a kawo amsa. Amsar kuwa tana nan, kuma mafi yawanta hoto ne.

Tun kafin a tura mutum, sai da aka tura kyamara. A 1959 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ya ɗauko hoton bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantarmu. Sannan daga Agustan 1966 zuwa Agustan 1967 Amurka ta aika kumbo biyar masu suna Lunar Orbiter, suka yi ta kewaya wata suna neman shimfiɗaɗɗen fili da za a iya sauka. Yadda suka yi aikin abin tsayawa ne a duba. Babu irin kyamarar wayarmu a lokacin, fim ne na gaske, kamfanin Kodak ya haɗa musu. Kumbon zai ɗauki hoto, ya wanke fim ɗin a cikin cikinsa, ya busar, kamar yadda masu hoton Sabon Gari ke yi a ɗakin duhu a da, sai dai nan babu hannun mutum. Daga nan wani siririn haske ya bi hoton layi-layi, a mai da shi sigina, a turo duniya, a sake haɗa shi tsiri-tsiri. Shi ya sa tsofaffin hotunan ke da zane-zane a jikinsu. Da haka aka ɗauki kusan kashi 99 cikin 100 na fuskar wata, kuma da taimakon waɗannan hotuna aka zaɓi inda Apollo 11, kumbon su Armstrong, ya sauka. Tsakanin 1969 da 1972 mutum 12 suka taka wata, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382.

Wani zai ce to me ya hana a saita babban madubin hangen nesa daga nan a nuna mana kayan da suka bari? Nisan ne. Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne, gindin kumbon da suka bari kuwa, har da ƙafafunsa, kimanin mita tara ne kawai. Ko madubin Hubble ba ya iya rarrabe abu ƙarami haka daga wannan nisa. Dole sai an je kusa. An kuwa je. A watan Yuni na 2009 aka harba kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter, wanda aka fi sani da LRO, kuma wata guda bayan nan ya fara aiko da hotunan wuraren da Apollo ya sauka. A 2011 aka sassauto da shi har kusan kilomita 21 daga ƙasan wata. A hotunan da ya ɗauka ana ganin gindin kumbo da inuwarsa, ana ganin na'urorin da aka girke, ana ganin 'yar motar Apollo 17 a inda aka ajiye ta da layi biyu na tayoyinta. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sawun ƙafa: wasu baƙaƙen layuka sirara da suka tashi daga kumbo zuwa bakin rami suka dawo. A can babu iska, babu ruwan sama, babu mai shara. Inda mutum ya taka shekara arba'in kafin nan, haka kyamara ta same shi.

Dattijon rumfa zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai LRO na Amurka ne, mai kaya ba ya zama shaidar kayansa. To, a 2021 kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya ɗauki hoton inda Apollo 11 ya sauka, gindin kumbon ya fito a ciki. Kafin nan, a 2008, kumbon Japan mai suna Kaguya ya hango tabon da wutar injin Apollo 15 ta bari a ƙasa. Ga kuma Tarayyar Sobiyet, wadda ta kashe dukiya mai yawa don ta riga Amurka, tana da na'urorin bin sawun kumbo, tana da kowane dalili na tona asiri in da akwai shi, amma ba ta taɓa cewa ƙarya ba ce. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Waɗannan hotuna suna intanet kyauta, wayar da ke aljihun ɗan kasuwa ta isa ta buɗe su.

Akwai wani labarin da nake so mu daina yaɗawa, domin yana zubar mana da mutunci. Shi ne cewa Armstrong ya ji kiran sallah a wata, daga baya ya je Masar ya sake ji, ya musulunta. Na ji shi a majalisa, na ji shi a mota, wani lokaci daga bakin da ya gama rantsuwa cewa ba a je wata ba. Armstrong ya musanta labarin da kansa, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta bayanin musantawa a 1983. Addinin da ya kafa ilmin tantance masu ruwaya ba ya bukatar a tallafe shi da ƙage. Malamanmu na da sun yi hisabi, sun san manzilolin wata, sun lissafa shigar damina da taurari. Wannan ne abin da ya dace mu ɗora a kai.

Ba a ce Nijeriya ta zauna hannu rabbana ba. A 1963 Shugaba Kennedy da Tafawa Ɓalewa sun yi magana ta tauraron ɗan'adam na Syncom 2, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi haka. An kafa hukumar sararin samaniyar Nijeriya, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003, wanda hotunansa suka yi amfani har a lokacin guguwar Katrina a Amurka a 2005. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka ƙera a Ingila. A Disambar 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta komawa wata. Duk wannan ya faru, amma yaron da ke ɗaura faranti bai san ko ɗaya ba, alhali a duk kasuwar babu wanda ya fi shi kusa da wannan ilmi. Kullum yana auna kusurwa da idonsa, yana neman abin da ba ya gani a sama, yana kuma samunsa. Da tun yana aji uku an gaya masa cewa a garinsu aka taɓa sauraron bugun zuciyar ɗan sama-jannati, ina kyautata zaton da kallon da yake yi wa aikinsa ya bambanta, wataƙila da kallon da yake yi wa kansa ma.

Aikin da ya rage ba mai tsada ba ne. Rubutacciyar hirar Glenn da tashar Kano tana cikin takardun da NASA ta saki, kowa na iya saukewa. Ɗaki guda a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ya isa a rataye taswirar tashoshin nan 18, da hotunan LRO, da fassarar hirar da Hausa, a riƙa kai 'yan makaranta. Ɗaliban tarihi da na fiziks a Jami'ar Bayero na iya haɗa hannu su tsayar da wurin da tashar take, a kafa alama. Abin da ba zai jira ba shi ne mutanen. Tasha ba ta tafiya sai da direba da mai gadi da mai dafa abinci da mai kula da janareta, ga kuma maƙwabtan da suka ga ana kafa dogayen eriya a gefen gonakinsu. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1962, yau ya haura tamanin. A nemo su da rikoda tun suna iya ba da labari.