Darwin da Tattabarunsa: Abin da Marubuci Zai Ɗauka



Da an ambaci Charles Darwin, abin da ke faɗo wa yawancinmu shi ne gardamar asalin ɗan Adam, daga nan sai a rufe zancen. A ganina, ko ka ƙi ra'ayinsa ɗungurungum, akwai abin koyi a yadda ya yi aikinsa.

A 1855 ya fara kiwon tattabaru a gidansa da ke ƙauyen Downe, a Ingila. Ya shiga ƙungiyoyin masu kiwonsu a Landan, ya zauna da su, ya ji yadda suke zaɓen namiji da mace don fitar da launi ko siffar da suke so. Ya haɗa iri da iri da hannunsa, ya auna ƙasusuwansu. Da ya zo rubuta littafinsa na 1859, On the Origin of Species, babin farko kan dabbobin gida da shuke-shuken gona ya yi shi. Ya fara da abin da mai karatu ya sani kafin ya kai shi inda bai sani ba.

Haka ya yi da tsirrai. Shi da ɗansa Francis sun sa wa kan tsiron ciyawa 'yar hula, sai tsiron ya daina karkata wajen haske. Suka gane kan ne ke jin hasken, lanƙwasar kuma a ƙasa da shi take faruwa. Sun wallafa wannan a 1880.

Mu fa? Jarumin labarinmu likita ne, amma ba mu taɓa tambayar wani likita yadda kwanan aiki yake ba. Makiyayi ne, amma ba mu san abin da yake dubawa a jikin saniya kafin ya saya ba.

Wani zai ce ai labari ƙage ne. Gaskiya ne, amma mai karatun da ya san sana'ar, da ya kama ka a wuri ɗaya, ya daina yarda da sauran, har da soyayyar da ka sha wahalar tsarawa.

Kafin ka rubuta babi na gaba, nemi mai sana'ar jaruminka. Zauna da shi yini guda, ka yi tambaya, ka rubuta kalmomin da yake amfani da su. Mai tambaya ba ya ɓata.