Marayun Bungudu ba a gidan marayu suke ba

1/ Akwai wani talla da ke yawo a Instagram da TikTok: ka biya kuɗi, a kai ka Kenya ko Nepal ko Kambodiya ka yi sati biyu kana aikin sa kai a gidan marayu, ka dawo da hotuna da satifiket. Matasanmu sun fara tambayar yadda ake cika fom. Ni dai ina da ja. Ku biyo ni.

2/ Abin ya daɗe a wurin Turawa. Yaro ya gama sakandare, ya saɓa jaka ya tafi ƙasar talakawa, ya rungumi yara, ya koya musu ABCD, ya koma gida. Zuciyarsa ƙila fes take. Amma shi ke biya, kuma duk inda kuɗi ke shigowa saboda yara, dole a nemo yaran da za a nuna.

3/ A Kambodiya, binciken UNICEF ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari daga 2005 zuwa 2010. Kusan uku cikin kowane huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ya kai su, da alkawarin makaranta kyauta.

4/ Har ta kai a 2018 Ostireliya ta ɗauki tara yara a gidan marayu don neman kuɗi a matsayin nau'in bautar zamani. A Disambar 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan yaran da ba sa hannun iyayensu, ta ambaci illar irin wannan aikin sa kai ƙarara.

5/ Ko gidan na gaskiya ne, akwai wata matsalar. Yaro ya saba da kai, ya fara kiran ka yaya, sati biyu ka tafi. Wata ta zo, ya saba da ita, ta tafi. Yaron da ya riga ya rasa uba, kana koya masa cewa duk wanda ya so, tafiya zai yi.

6/ Kun san yaron nan na cikin bidiyo da ke rugowa ya rungume duk baƙon da ya shigo? Mu sai mu ce "Allah sarki, son mutane gare shi." Masana rainon yara kuwa alamar damuwa suke gani. Yaron da yake da nasa, bayan zanen uwarsa yake ɓuya in ya ga baƙo.

7/ To mu dawo gida. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeton 'Yan Sanda M.D. Abubakar ya ƙirga mata 4,983 da aka kashe wa maza, da yara 25,050 da suka zama marayu a Zamfara daga 2011 zuwa 2019. Kuma duk mun san kisan bai tsaya a 2019 ba.

8/ Ina yaran nan suke? Wane gini ne a Gusau zai ɗauki dubu ashirin da biyar? Suna ɗakin kaka a Nahuce. Suna gidan kawu a Kwatarkwashi, wanda shi ma gonarsa ta gagare shi zuwa. Suna cikin kango a bayan gari tare da uwar da ta gudo daga ƙauyen Tsafe, tana suyar awara.

9/ A wurinmu ai yaro yana zama maraya ko da uwarsa na raye. Ke nan yawancinsu suna da mai riƙo. Abin da mai riƙon ba ta da shi, shi ne hatsi da kuɗin magani. In baki ya yi yawa, sai a tura namijin almajiranci, macen a ɗora mata talla. Nan ne rainon yake ɓarewa, kuma nan ne ba a zuwa da kyamara.

10/ Mu ma fa muna da namu salon. Ranar zagayowar haihuwa, katan biyu na Indomie, a jera yara, a ɗauki hoto, a ɗora da fuskokinsu. Ban ce a daina kai kaya ba. Amma da ƙaninka ne a layin, za ka yarda a watsa fuskarsa da sunan abin tausayi?

11/ Kada wani ya ce ina ƙin baƙi. A 2010 da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a yankin Anka da Bukkuyum, likitocin MSF ne suka zo. Sun zo da ilimin da ake buƙata da maganin cire gubar daga jini, suka shafe sama da shekara goma ana aikin. Irin wannan baƙon, lale marhabin. In kina da ilimin jinya ko koyar da kurame, je ki ko'ina a duniya, ki zauna ki yi.

12/ In kuma ba ka da komai sai zuciya da kuɗin tikiti, lissafa. Tikiti, biza, kuɗin kamfanin. Keken ɗinki nawa ke nan? Injin markaɗe nawa? Kuɗin NECO na yara nawa? Je wurin mai unguwa ko liman, sun san gidajen. Zaɓi yara uku, ka riƙa yi musu darasi duk Asabar har shekara. Babu daɗin ɗorawa a Instagram, na sani.

13/ Jiha tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma marayu na cikin aikinta. Tufafin Sallah abu ne mai kyau, amma mu riƙa tambayar me ake yi wa yaron a sauran watannin.

14/ Akwai yaran da da gaske ba su da kowa, kamar jariran da ake tsinta. Su kam gidan marayu ya zama dole kafin a samu mai riƙo. Abin da ke musu amfani shi ne masu raino na dindindin da ake biya a kan lokaci, da madara, da magani. Tambayi shugabar gidan me ya ƙare, ka kai, wayarka na aljihu.

15/ Mai niyyar tafiya waje har yanzu, kafin ka tura ko kwabo, tambayi kamfanin: wa zai binciki halina kafin a bar ni da yara? In ba su nemi takardar shaidar 'yan sanda ba, in katin ATM ɗinka kawai suka nema, to duk wanda ya biya haka suke buɗe masa ɗakin yaran.