Ba Man Bumburutu Ke Kashe Akori-kura Ba

Malam, ka rubuta cewa man 'yan bumburutu ne ke kashe tsofaffin akori-kura tsakanin Illela da Ƙonni. Mu ce man gurɓatacce ne. Ta ina yake shiga distiribita? Wuta ce ke ɗaukewa. Peugeot 504 da ke cinye kwantak a kai a kai, kondensa za a fara tuhuma, sai koyil: in an sa mata wanda ba nata ba, kwantak na iya ƙonewa. In kuwa bushin distiribita ya cinye, bakanike ya saita gibin kwantak milimita 0.4 da safe, kafin a kai Ƙonni ya goce. In murfin distiribita ya tsage, ƙurar hunturu ta shige, wuta ta ɓace hanya. Ka taɓa buɗe murfin ma kuwa?