Janareta a gidan haya

A unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa, gidajen haya masu ɗaki-ɗaki da tsakar gida ɗaya sun yawaita tun zamanin da masaƙun Kakuri ke ɗibar ma'aikata. A irin wannan gida, idan mutum ɗaya ya tayar da ƙaramin janareta, kowa zai sha ƙararsa da hayaƙinsa. Hayaƙin ne abin tsoro, domin yana ɗauke da iskar guba marar launi, marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Shi ya sa ba a kunna shi a ɗaki ko a soro ko ƙarƙashin tagar maƙwabci, ko da ana ruwa. Mai tsoron ɓarawo ya ɗaure shi da sarƙa a fili. Ba a ƙara masa fetur sai ya huce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu kwana da shi sun ragu, amma ladabi shi ne a kashe kafin dare ya raba. Maƙwabcin da ya kawo cajin waya kuwa ba a hana shi, shi ma kada ya zo da dutsen guga.